Darasi: Yaron da Ya Tambayi Ma'anar Idi

Karatu: Fitowa 12:1-28, Markus 7:1-13, 1 Korintiyawa 11:17-34.
Ayoyin haddacewa: Fitowa 12:26-27.

Malami ya sa a karanta wurin nan na Fitowa da ƙarfi tukuna, mutum biyu ko uku suna karɓa wa juna, kafin a shiga bayani. Sauran wurare biyu a bar su sai an iso gare su.

Wanda ya fita da sassafe a Miri, nan bakin hanyar Jos, tun motoci ba su fara ɗibar mutane zuwa cikin birnin Bauchi ba, zai iske maƙwabta biyu tsaye a ƙofar gida suna gaisuwa. Wannan ya tambayi kwana, wancan ya ce lafiya lau. A tambayi gajiya, a tambayi iyali, a tambayi aiki, kowace tambaya da amsarta wadda kowa ya sani tun ba a buɗe baki ba. Watakila ɗayansu bai runtsa ba daren nan saboda zazzaɓin ɗansa, duk da haka ya ce lafiya. Ba ƙarya ya yi ba, gama su duka biyu sun san ba a cikin gaisuwa a ke ba da labari ba, labari sai an gama. To, in ba labari, me gaisuwar ta faɗa? Ta ce, ni da kai babu kome tsakaninmu, yadda muka kwana jiya haka muka tashi yau. In kana so ka ga nauyinta, bari ɗayansu ya wuce ɗaya ran nan bai ce uffan ba. Kafin azahar unguwa duka ta ji, ana tambaya me ya haɗa su.

Irin wannan abu shi mu ke kira al'ada, watau aikin da a ke maimaitawa bisa ga tsari sananne, wanda ya ke faɗin abin da ya fi shi kansa girma. Kalmar daga Larabci muka aro ta, tushenta kuwa ɗaya ne da na kalmar Idi, ma'anarsu duka abin da ya ke komowa. Zamanmu cike ya ke da su. Akwai sallama a ƙofa, da tuɓe takalmi gaban babba, da ruwan da a ke kawo wa baƙo kafin a tambaye shi abin da ke tafe da shi. Akwai manya kuma, irin hawan Salla a Bauchi, birnin da Yakubu ya kafa a 1809, inda hakimai su ke zuwa da dawaki su yi jahi gaban Sarki, kowa ya ɗaga hannu ya nuna har yanzu yana cikin biyayya. Ba wanda ya ke bukatar a fassara masa.

Cikin masu bi akan sami mutane iri biyu a kan wannan magana. Waɗansu, yawanci samari da suka yi karatu, sukan ce al'ada duk aikin duhu ce, Allah zuciya ya ke dubawa. Waɗansu kuma sun kama al'ada da hannu biyu, ko ta gida ko ta majami'a, in ka tambaye su dalili sai su ce haka muka tarar. Sura ta 12 ta Fitowa tana da magana ga dukansu.

Daren fita daga Masar

Ku lura da abu na fari, gama mutane da yawa sukan karanta su wuce shi. Sa'ad da Allah ya ba Musa da Haruna ka'idodin Idin Ƙetarewa, wanda a ke kira Faska, Isra'ilawa ba su fita ba tukuna. Bayi ne har yanzu, Fir'auna yana kan gadonsa. Tun ceton bai auku ba Allah ya shirya yadda za a riƙa tunawa da shi, domin ya san halin ɗan Adam, ya san wanda ya ƙoshi yakan manta da ranar yunwa.

Ku dubi kuma yadda aka tsara kome dalla-dalla. Watan nan ya zama farkon shekararsu. Ran 10 ga wata kowane gida ya ware ɗan rago ko ɗan akuya, namiji, bana ɗaya, marar aibi, a ajiye shi har ran 14, sa'an nan a yanka da maraice. Kwana huɗu ke nan dabbar tana ɗaure a gida, yara suna ganinta, suna ba ta ciyawa. A shafa jinin a madogaran ƙofa biyu da bisa kanta. Naman a gasa shi, kada a dafa da ruwa, a ci da gurasa marar yisti da ganyaye masu ɗaci, abin da ya ragu har safiya a ƙone. Masu ci kuwa su yi ɗamara, takalmi a ƙafa, sanda a hannu, su ci da gaggawa.

Ba ko ɗaya cikin waɗannan da ya ke na banza. Gurasa marar yisti ta mai sauri ce wanda ba shi da lokacin jiran ƙullu ya tashi. Ɗacin ganye Yahudawa sun fahimce shi tun dā a kan ɗacin bauta. Sanda da takalmi na matafiyi ne. Da Allah ya ga dama da ya ce su haddace labarin kawai, amma ya sa labarin a harshensu da hancinsu da tafin ƙafarsu, domin abin da mutum ya ɗanɗana ya fi abin da ya ji daɗewa a zuciya. Gani ya kori ji. Wannan ita ce amsa ga saurayin da ya ce Allah ba ruwansa da abin da jiki ya ke yi: wanda ya halicci jiki shi ne ya umarta a gasa nama, a ɗaura ɗamara.

Aya ta 4 tana da daɗi ƙwarai. In gida ya yi ƙanƙanta, ba za su iya cinye rago ɗaya ba, sai mai gida ya haɗa kai da maƙwabcinsa na kusa, su lissafta bakunansu su ci tare. Ashe tun daren fari idin nan ba na mutum ɗaya ba ne. Gwauruwa da ke zaune ita kaɗai dole a shigo da ita wani gida, gama doka ta hana a bar nama, ta kuma hana kowa fita waje kafin gari ya waye.

Amma zuciyar darasinmu tana cikin aya ta 26 da ta 27. Musa ya gaya wa dattawa, wata rana a ƙasar da za su shiga 'ya'yansu za su tambaye su ma'anar wannan hidima, su kuwa lalle su ba da amsa, su faɗi yadda Ubangiji ya ƙetare gidajensu a Masar ya tsirad da su. Bai ce in yara sun tambaya a kwaɓe su ba. An shirya idin ne musamman domin ya ta da tambaya. Yaro ya ga ubansa yana cin abinci da takalmi a ƙafa da tsakar dare, abin da bai taɓa gani ba, ina zai iya yin shiru? Haka kuma aka yi a Joshuwa sura 4. Da suka haye Urdun aka ɗebo duwatsu 12 daga tsakiyar kogin aka kafa a Gilgal, dalilin da aka bayar kuwa shi ne dai, domin yara su gani su tambaya.

Yahudawa sun riƙe wannan har yau. Sojojin Roma sun rushe Haikali a shekara ta 70 bayan haihuwar Almasihu, yankan hadaya ya tsaya, Yahudawa suka warwatsu cikin duniya. Amma kowace shekara a daren Faska iyali sukan zauna a teburi, ƙaramin yaron gidan ya yi tambayoyi huɗu game da abin da ya bambanta daren nan da sauran darare, babban gida ya amsa da labarin fita daga Masar. Samariyawa kuma, ko da ya ke sun ragu ƙwarai, suna yanka raguna a kan Dutsen Gerizim kusa da Nablus. Rago ya ɓace daga teburin Bayahude, al'adar ba ta mutu ba, domin tambaya da amsa suna nan.

Inda aka bar ta kuwa mun ga abin da ya faru. A 2 Sarakuna 23 an ce Faskar da sarki Yosiya ya yi a shekara ta 18 ta sarautarsa, wajen 622 kafin haihuwar Almasihu, ba a yi irinta ba tun zamanin mahukunta. Cikin tsakanin nan har littafin Shari'a ya ɓace a cikin Haikali, sai masu gyaran gini suna aiki aka tsinto shi. Jama'ar da ta yi sakaci da idinta, labarinta ma ya sulluɓe mata.

Ranar suna

Bari mu komo gida. A ƙasar Hausa jaririn da aka haifa ran Talata, ran Talata mai zuwa a ke raɗa masa suna. Maƙwabtanmu Musulmi sukan taru da sassafe, liman ya yi addu'a, a yanka rago, a raba goro, wanzami ya yi aski. Masu bi kuma sukan kira fasto ko mai bishara, a yi karatu da addu'a, a faɗi sunan a gaban jama'a, ko Bitrus, ko Rahila, ko Godiya, ko Alheri. Mai jego kuwa tana da kwana 40 nata na wanka da kunun kanwa. Wani mai bi yakan yi shakka ya ce, shin wannan duka ba aron al'adar waɗansu ba ne?

Ya buɗe Luka sura 1 da 2. Yohanna mai baptisma da Ubangijinmu Yesu, dukansu a rana ta takwas aka yi musu kaciya aka sa musu suna, bisa ga umarnin da aka ba Ibrahim a Farawa 17. Yahudawa suna lissafi har da ranar haihuwa, saboda haka rana ta takwas tasu ita ce ranar da mako ya zagayo, daidai da tamu. Littafin Firistoci sura 12 ya ba mai jegon ɗa namiji kwana 7 da kwana 33, watau 40, kafin ta zo Haikali. Maryamu ta cika su sarai. Ɗan Allah bai raina ranar suna ba, ta ƙofar al'adar mutanensa ya shigo duniya.

Abu biyu a nan sun isa a tsaya a kansu. Ran sunan Yohanna dangi sun so a sa masa Zakariya, sunan ubansa, har suka yi gardama da Alisabatu cewa ba mai suna Yohanna cikin zuriyarsu. Mu ma mun san wannan, mu da mu ke mai da sunan kaka, sa'an nan mu ɓoye shi da Abba ko Ummi saboda kunya. Zakariya ya roƙi allo ya rubuta sunan da mala'ika ya faɗa. An kiyaye ranar, an tara dangi, amma inda al'ada ta yi karo da maganar Allah, al'ada ce ta kauce. Na biyu, hadayar da Yusufu da Maryamu suka kawo tsuntsaye biyu ne, kurciyoyi ko 'yan tattabarai. Shari'a ta nemi ɗan rago, amma ta yi wa wadda ba ta da hali rangwame. Mai Ceton duniya da hadayar matalauta aka kai shi Haikali, ba a kuwa rubuta cewa Yusufu ya ci bashi don ya fita kunyar dangi ba. Mai gidan da ya ke shirin sayad da hatsin da iyali za su ci da damina domin a ce sunan ɗansa ya yi armashi, ya yi tunani a kan tsuntsayen nan biyu.

Sa'ad da ƙwarya ta rage ba nono

Al'ada takan lalace, Littafi Mai Tsarki kuwa bai ɓoye wannan ba. A jeji Allah da kansa ya umarci Musa ya ƙera macijin tagulla ya sa a kan sanda, wanda maciji ya sara ya duba ya rayu (Littafin Ƙidaya 21). Bayan shekaru ɗaruruwa sarki Hezekiya ya iske mutane suna ƙona masa turare, sai ya farfashe shi (2 Sarakuna 18:4). Abin da aka yi domin ya nuna jinƙan Allah ya zama gunki, domin an daina ba da labarin, an riƙe tagullar. Kada mu yi saurin yi musu dariya. Wanda ya ke sa Littafi ƙarƙashin matashi don maganin mayu, ba ya buɗe shi da rana, laya ya mai da shi. Haka wanda ya sayi kwalbar mai ko ta ruwa yana tsammani ikon yana cikin kwalbar.

Annabi Amos, makiyayi daga Tekowa, ya yi wa'azi a Betel wajen shekara ta 760 kafin haihuwar Almasihu, a lokacin wadata. Wurin sujada cike, hadayu ba fashi, mawaƙa suna ta kiɗa. A sura ta 5 Allah ya ce ya ƙi idodinsu, ba zai saurari waƙoƙinsu ba, abin da ya ke nema shari'ar gaskiya ce. Sura ta 8 ta nuna dalili: 'yan kasuwa suna zaune cikin sujada suna ƙosawa Asabar ta wuce su buɗe rumbu, su rage mudu, su ha'inci ma'auni, su sayad da ƙaiƙayi a kan hatsi. Wanda ya taɓa awo a kasuwar Muda Lawal ko ta Wunti ya san bambancin mudun saye da mudun sayarwa, wanda aka bubbuge gindinsa ya shige ciki. Mai irin wannan mudu ko ya fi kowa murya ran Lahadi, Amos ya riga ya ba shi amsa.

Yanzu a karanta Markus 7:1-13.

Markus ya tsaya ya bayyana wa masu karatunsa, waɗanda ba Yahudawa ba ne, yadda Farisawa su ke wanke hannu da ƙoƙuna da tuluna bisa ga al'adar dattawa. Wanke hannu ba laifi ba ne, Yesu kuwa bai ce laifi ne ba. Abin da ya tone shi ne wata dabara da a ke kira Korban. Mutum ya ce dukiyarsa keɓaɓɓiya ce ga Allah, da wannan kalma sai ya kuɓuta daga ciyad da uwa da uba. An ɗauki abin ibada an yi garkuwa da shi don a karya doka ta biyar.

A ganina Korban namu na yau yana wurin jana'iza. Tsoho ya yi shekara uku yana ciwo a ƙauye, 'ya'yansa suna birni, wanda ya aiko da kuɗin magani sau ɗaya ya yi ƙoƙari. Ran da ya mutu sai a kai gawa ɗakin ajiya na asibiti mako uku ko huɗu ana biya, a fid da anko, a buga hotonsa a riguna, a yanka sa, a ci bashin da za a shekara ana biya. Da rabin kuɗin nan ya iso hannunsa yana da rai, da ya ci nama shi ma. Maƙwabtanmu Musulmi sukan binne mamaci ran da ya mutu ko kashegari, cikin farin likkafani, sarki da talaka duk ɗaya, ban ga abin kunya ba in mun koyi sauƙi daga gare su. Ba zaman makoki na ke zargi ba. Yusufu ya yi wa ubansa makoki kwana 7 (Farawa 50:10), abokan Ayuba kuma sun zauna tare da shi a ƙasa kwana 7 ba wanda ya ce masa kome, wannan ne ma abu mafi kyau da suka yi, gama da suka buɗe baki sai suka ɓata. Ka je ka zauna a tabarma, ka ce sannu, ka yi shiru. Zumunta a ƙafa ta ke.

Teburin Ubangiji

A daren Faska ne Yesu ya ɗauki gurasa da ƙoƙo. Bai ƙago sabon abu daga sama ba, tsohon idin mutanensa ya ɗauka ya cika shi da sabuwar ma'ana, ya umarci almajiransa su riƙa yi domin tunawa da shi. Al'adun da ya bar wa Ekklesiya biyu ne tak, baptisma da Jibin Ubangiji, dukansu da kayan da matalauci ya ke da su: ruwa, gurasa, ƙoƙo. Sauran abubuwan da mu ke yi, tsarin sujada, da zanen Zumuntar Mata da tulunan da su ke kaɗawa, da bikin godiya bayan girbi, namu ne, masu kyau ne, amma ba a ɗaure su a wuyan kowa kamar waɗancan biyu ba.

A karanta 1 Korintiyawa 11:17-34.

Bulus ya rubuta wannan daga Afisa wajen shekara ta 55, shekara ashirin da 'yan kai kawai bayan daren nan, ga shi har abin ya fara lalacewa. A lokacin ba a gina majami'u ba tukuna, a gidajen mutane a ke taruwa, Jibin kuwa tare da cikakken abinci a ke ci. Masu hali sukan zo da nasu su fara ci, har waɗansu su bugu, matalauta su tashi da yunwa da kunya. Gurasa tana nan, ƙoƙo yana nan, kalmomin ma watakila ba a kuskure ko ɗaya ba, amma Bulus ya ce musu abin da su ke ci ba Jibin Ubangiji ba ne. Ku lura da maganin da ya bayar. Bai ce tun da ya lalace a daina ba. Ya sāke ba su labarin daga fari, daren da aka ba da Ubangiji, sa'an nan ya ce in sun taru su jira juna. Ya yi musu abin da uba ya ke yi wa yaro a daren Faska.

Ekklesiyoyin Bauchi taron kabilu ne: Sayawa, Jarawa, Angasawa, Tangale, Ibo, Yarbawa, Hausawa, da waɗansu da yawa. In dattijo biyu sun yi wata shida ba sa gaisawa saboda zaɓen majalisa, kowa da kabilarsa a bayansa, sa'an nan suka miƙa hannu cikin faranti ɗaya, gaisuwar ƙofar gida da muka fara da ita ta fi Jibinsu gaskiya. Akwai kuma yaron da ya ke zaune kusa da uwarsa, faranti ya wuce shi, ya ja zanenta ya tambaya don me ba a ba shi ba, me su ke ci. Yawancinmu mukan ce masa ya yi shiru, daidai ne kuwa a cikin sujada. Amma in an koma gida ba a amsa masa ba, an karya Fitowa 12:26.

Naman maƙwabci

Saura magana ɗaya mai wuya, ba kuwa za mu kewaye ta ba. Me za mu yi da al'adar da ba tamu ba?

Bulus ya yi abu biyu da su ke kamar suna gāba da juna. A Urushalima, inda manzanni suka taru wajen shekara ta 49 a kan maganar kaciya, bai yarda a tilasta wa Titus Baheleni ya yi kaciya ba (Galatiyawa 2:3-5). Ba da daɗewa ba a Listira shi da kansa ya yi wa Timoti kaciya (Ayyukan Manzanni 16:3). Wuƙa ɗaya ce, aiki ɗaya ne, ma'ana ce ta bambanta. A kan Titus kaciya za ta ce bangaskiya ga Almasihu ba ta isa ceto ba, wannan kuwa ƙarya ce. A kan Timoti, wanda uwarsa Bayahudiya ce, za ta ce yaron nan bai raina mutanen uwarsa ba, ta buɗe masa ƙofar gidajensu. Bulus bai tambaya ko al'adar ta wane ce ba. Ya tambayi abin da ta ke faɗa a wurin nan, a kunnen mutanen nan.

Ran 10 ga Zulhajji maƙwabcinka Musulmi yakan yanka ragon layya domin tunawa da biyayyar Ibrahim. Kashegari ko jibi sai ga yarinya da kwano a rufe ta yi sallama a ƙofarka. Masu bi sun rabu a kan wannan tun dā. Waɗansu suna karɓa su ci, waɗansu lamirinsu ba ya ba su. A 1 Korintiyawa 10:25-29 Bulus ya ce a ci abin da a ke sayarwa a mahauta ba tare da bincike ba, in wanda ba mai bi ba ya gayyace ka ka ci abin da aka sa a gabanka, amma ka janye hannu in cin zai sa lamirin wani tuntuɓe. Ya yi maganar nan ne a birni mai haikalin gumaka, maƙwabcinka kuwa ba mai gunki ba ne, bai kuma aiko domin ka shiga addininsa ba. Abin da kwanon ya ke faɗa shi ne abin da gaisuwar safe ta faɗa. Ni dai shawarata a karɓa da hannu biyu, a yi godiya, kada a mai da kwanon wofi. Wanda zuciyarsa ba ta ba shi ya ci ba, kada ya ci, Romawa 14 ta tsare shi, amma kada ya kunyatad da yarinyar a ƙofa, kada kuma ya hukunta ɗan'uwansa da ya ci. Iyayenmu da yawa sun gane wannan, shi ya sa da Kirsimati sukan kira maƙwabci Musulmi ya yanka musu akuyar, domin shinkafar da za su aika ta ciwu a kowane gida.

Kada wani ya ce maganar nama ƙaramar magana ce. A watan Afrilu na 1991 rikici ya tashi a Tafawa Balewa, abin da ya kunna wutar kuwa gardama ce a kan nama da mahauta. Tushen ya fi nan zurfi, akwai tsohuwar jayayya ta sarauta da ƙasa, amma ta bakin nama wutar ta kama, cikin 'yan kwanaki ta iso birnin Bauchi, rayuka da yawa suka salwanta, Kirista da Musulmi, aka ƙone gidaje da wuraren sujada. Akwai waɗanda ke cikin ajin nan da suka gani da idonsu. Bayan irin wannan mutane sukan rabu, kowa ya koma unguwar nasa, yara su tashi ba su taɓa ɗaukar kwano zuwa gidan wanda ba addininsu ɗaya ba. A wuri kamar Miri, inda birni ya ke ta matsowa, baƙi suna sayen filaye suna gini kusa da waɗanda ba su san su ba, kwanon nan yana kan tafiya a waɗansu gidaje, a waɗansu kuwa ya tsaya.

Tambayoyi

1. Cikin ka'idodin Fitowa 12, wace ce ta fi ba ka mamaki, me kuma ka ke tsammani yaron Ba'isra'ile zai fara tambaya a kai?

2. Hezekiya ya farfashe macijin tagulla, Bulus kuwa ya gyara Jibin Korinti bai kawas da shi ba. Me ya bambanta su? A faɗi al'ada ɗaya ta garinku da ta cancanci gyara, da ɗaya da ta cancanci a bari.

3. A jana'izar da aka yi ta ƙarshe a danginku, nawa aka kashe bayan mutuwa, nawa aka kashe a lokacin ciwo? Ba sai an amsa wannan da ƙarfi ba.

4. Dattawa su gaya wa matasa abin da iyayensu su ke yi da sabon hatsi kafin kowa ya ci, tun bishara ba ta zo ba, da abin da ya maye gurbinsa yanzu. A gwada da Littafin Firistoci 23:9-14.

Kafin mako mai zuwa kowane mai gida ya zauna da yaransa da dare, ya bar su su tambaye shi dalilin abu ɗaya da a ke yi a majami'a. Tambayar da ta gagare shi ya rubuto ta ya kawo aji.